Murfin Kyamarar Gayu

Litinin, da hantsi

Na yi jikoki. Biyu! Na rubuta kalmar na tsaya ina kallonta, ban taɓa rubuta ta a kaina ba. Malaminmu na makarantar yamma, wanda ya koya min riƙe biro bayan gemuna ya fara fari, ya ce duk ranar da abu ya fi ƙarfin bakinka ka ba takarda. To ga shi na ba ta.

'Yata Auta ta sauka da asuba, maza biyu. Lokacinsu bai yi ba, sun yi gaggawa, sai da aka yi mata aiki. Ita kaɗai Allah ya ba mu, ita ce fari ita ce auta, kuma ta daɗe tana jira muna taya ta. Uwarta ta fito tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Tsoho, tattara kayanka, na yi sababbin angwaye har biyu." Na ce madalla, su zo su karɓi gyaran famfo da sauraron mitarki, ni na huta.

An ɗauke su a mota zuwa asibitin yara da ke can ƙarshen gari, don nan duk kwalaben da ake sa bakwaini a cike suke. Ita an bar ta a nan. Surukina yana kan teku a jirgin da yake aiki. An kira shi, ya yi ta ihu har layin ya yanke.

Ban gan su ba tukuna. Na dai ga barguna biyu sun wuce.

Talata, da yamma

Na buɗe shago don hannuna ya sami abin yi. Ban ɗauki hoton kowa ba, shayi kawai na yi ta rabawa. Mai Fasfo ya baro rumfarsa ta hoton fasfo ya zo, Ɗan Jarida, tsohon mai ɗaukar wa jaridu hoto, shi ma ya zo da sandarsa. Tun daga bakin ƙofa suke kirana Kaka.

Sai ga Gayu a motarsa. A hannuna ya koyi aiki, yanzu ya yi tumbi, manyan kamfanoni yake wa hoto. Ya ce barka ya zo yi, amma da akwatin katako ya shigo a hammata, kuma akwatin ya fara ajiyewa kafin ya gaishe ni. Ya sa farar safar hannu ya fito da wata kyamara. Ƙarama ce, amma da nauyi kamar dutsen guga. Ya ce 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera a duk duniya, kowacce da lambarta a kanta, har murfin idonta an zana masa lambar. Jikinta tagulla ne da baƙin fenti, wai da gangan aka yi fentin ya riƙa gogewa don ta yi kama da tsohuwa.

Mai Fasfo ya juya ta. "Ina sikirin?"

"Ba ta da shi. Sai ka sa katin a kwamfuta za ka ga abin da ka ɗauka."

"Filas fa?"

"Babu."

"Kala?"

"Baƙi da fari kawai."

"Tana saita kanta dai ko?"

"Da hannu ake yi."

"To Gayu, me ka saya? Sun cire komai sun bar maka tsadar. Da gida ka saya, har da bishiya a tsakar gida."

Ɗan Jarida ya buga sanda a ƙasa. "Kai me ka sani ban da kunne biyu da farin bango? Irin wannan muka riƙe lokacin da ake aikin gaske. Ba ta ƙara, ba ta tsorata mutum. Amma wannan dai ba don hoto aka yi ta ba, don wuya aka yi ta. Sarƙa ce. Gayu, hoto nawa ka ɗauka da ita?"

Gayu ya sosa ƙeya ya ce ya dai ɗauki hotonta da wayarsa. Har ni sai da na ƙware da shayi.

Ya nuna min yadda take. Ni duk rayuwata kyamarar da ake leƙawa ta cikin idonta na riƙe. Wannan kuwa ta wata 'yar taga ake leƙawa a gefe. A tsakiyar tagar akwai ɗan fili mai haske, duk abin da ka kalla a ciki sai ya zama biyu. Sai ka juya zobe a hankali har biyun su haɗu su zama ɗaya, shi ke nan hoto ya saitu.

Na ce ni biyu nake so, kada wanda ya haɗa min su. Aka yi dariya.

Laraba, da rana

An kira mu asibitin yara.

Alhamis, da yamma

Na wanke jar ƙasar maƙabarta da ta maƙale a takalmina. Ta ƙi fita daga ɗinkin.

Abin da na ɗauka bai kai nauyin kyamarar Gayu ba.

Na yi jika. Na yi jika ɗaya, yana nan, yana numfashi, an ce yana ƙoƙari. Abokina nake ce masa. Alhamdulillahi.

Likitan Auta ya ce kada a faɗa mata yanzu, jininta ya hau, ga zazzaɓi ya shiga ɗinkin aikin da aka yi mata.

Asabar, da safe

Auta ta tambayi yaran. Uwarta ta ce suna lafiya. Ta juyo ta kalle ni, na ce suna lafiya. Ta ce wanne ya fi girma, na ce kusan ɗaya suke. Ta ce, "Baba, kai da hoto ne sana'arka, ko ɗaya ba za ka kawo min ba?"

Gaskiyar ita ce babu hali. A ƙofar ɗakin jariran akwai kwando, kowa ya zo sai ya jefa wayarsa a ciki. Babbar nas ɗin wurin, Sista, ta ce wani uba ya taɓa ɗaukar 'ya'yan mutane ya watsa wa duniya, tun daga nan aka hana. Uwa ko uba kaɗai ke shiga, ni an bar ni ne a madadin surukina. Na tsaya nesa da kwalbar cikin koriyar riga, hula a kai, ƙyalle a baki. Ga wayoyi a ƙirjinsa, ga siririn bututu a hancinsa. Ƙafarsa ba ta kai babban yatsana ba.

Na ce, "Abokina, ni ne mijin matar da kake shirin ƙwacewa." Sista ta ce in rage murya.

Litinin, da la'asar

Ta sani.

Surukina ne ya sami layi ya kira ta. Ya zaci an faɗa mata, ya fara ba ta haƙuri. Muna zaune muka ga fuskarta ta sauya. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye wayar a hankali ta ce, "Tun yaushe?" Ta juya ta fuskanci bango.

Talata, da safe

Ba ta ci komai ba. Uwarta ta kai cokali bakinta, ta kawar da kai.

Na ce, "Auta, ɗayan yana nan. Jiya ma na gan shi."

Ta ce wa bangon, "Ranar Asabar ma ka ce suna lafiya."

Na ce wallahi yana nan. Ta ce, "Kun iya ɓoye ɗaya, me zai hana ku ɓoye biyu? Ku bar ni, na gane. Kuna jira in warke ne."

Nas ta kawo ɗan kofin da ake tatsar nono a kai wa yaro, ta ture shi. Ta ce ba za ta tatsa wa kabari ba. A can kuma Sista tana cewa madarar gwangwani ba ta zama a cikinsa, na uwarsa ake so. Likita ya ce ba za a ɗaga ta ba sai zazzaɓin ya sauka, zazzaɓin kuma ba zai sauka ba tana ƙin ci. Shi ba a fito da shi, ita ba a kai ta. Ni ne nake yawo a tsakaninsu cikin motar haya, hannu biyu babu komai.

Laraba, da rana

Na roƙi Sista. Na cire hulata na roƙe ta. Ta ce, "Baba, in na bar ka ka shiga da waya, gobe kwandon nan ba shi da amfani."

Ina fitowa sai maganar Mai Fasfo ta faɗo min: sun cire komai. Na koma da sauri. Na ce in akwai kyamarar da ba ta filas, ba ta ƙara, ba ta da sikirin, ba ta aika komai ko'ina fa? Ta ce, "Akwai irin wannan a zamanin nan?" Na ce masu kuɗi sun sa an ƙera musu. Ta ce in kawo ta gani. Sau ɗaya, tana tsaye a kaina, kuma kwalbarmu kaɗai.

Gayu bai ko bari na gama magana ba. Ya kawo ta shago da kansa. Ya ce, "Maigida, riƙe ta. Sai dai don Allah igiyar a wuya." Ya miƙo safar hannun, ya ga fuskata, ya mayar aljihu.

Na gwada a kan kwalbar shayi har hannuna ya saba. Biyu, ɗaya. Biyu, ɗaya.

Na je na gaya wa bayan Auta cewa gobe zan kawo mata hoton ɗanta. Ba ta juyo ba, amma na ga ta daina jan bargon.

Alhamis, da hantsi

Na ɗauka! Na ɗauka!

Sista ta juya ta gaba da baya, ta nemi sikirin ba ta samu ba. Ta ɗauko auduga da maganin kashe ƙwayoyin cuta za ta goge ta. Na tuna kayan mutane ne, na yi maza na rufe idon da murfi kada maganin ya taɓa gilashin. Ta goge ko'ina har igiyar, ta rataya min.

Na leƙa ta 'yar tagar. Ga kwalba, ga bargo, ga shi. A ɗan filin nan mai haske kuwa, su biyu ne. Kai biyu, hannu huɗu, kwance gefe da gefe.

Na daɗe ban juya zoben ba.

Sista ta ce, "Baba, lokaci." Na juya.

Ɗakin ba haske sosai, na saita da kaina yadda na saba tun zamanin fim. Wani ɗan jan haske yana ta ƙyaftawa a ƙasan tagar, na ce ai duhun ɗakin yake gaya min, na sani. Na danna, na danna. Ƙararta kamar mutum ya taɓa harshe da haƙori. Ko motsi jariran ba su yi ba.

Ina cikin mota yanzu, rubutun duk ya karkace. Na rungume ta a ƙirji. Na gaya wa direba na yi jika, na gaya wa matar da ke kusa da ni. Su Gayu suna jira a shago.

Alhamis, da yamma

Baƙi.

Juma'a, da safe

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zai bar ƙirjina.

Gayu ya sa katin a kwamfuta, mu uku muna tsaye a bayansa. Na farko ya buɗe, baƙi ƙirin. Ya ce wataƙila gwaji ne. Na biyu baƙi. Ya yi ta dannawa har ƙarshe. Ya ja haske har iyaka, babu ko inuwa.

Mai Fasfo ya fara, "Na faɗa muku wannan abin..." Ɗan Jarida ya ɗaga masa hannu. Ba kwamfutar yake kallo ba, ƙirjina yake kallo, inda kyamarar take rataye.

Gayu ya ce a hankali, "Maigida. Ka cire murfin?"

Yana nan a kanta. Da lambarsa.

A kyamarar da na sani, in murfi yana kai, ka leƙa duhu za ka gani, ko makaho ya san da matsala. Wannan tagarta daban, idonta daban. Kai kana ganin duniya tas, ita tana rufe. Ɗan Jarida ya ce babu wanda ya taɓa riƙe irinta bai yi wannan ba sau ɗaya, shi ya taɓa yi a gaban shugaban wata ƙasa. Ya faɗa ne don in ji sauƙi. Mai Fasfo bai yi dariya ba, ya je ya haɗa min shayi. Da ya yi dariyar da ya fi min.

Juma'a, da la'asar

Auta ta juyo da ta ji takuna. Karo na farko tun Litinin. Ta kalli hannuna.

Na faɗa mata gaskiya, murfi da taga da komai. Ina faɗa ina jin yadda maganar take kama da ƙarya.

Ta ce, "Tun kafin a haife ni kake hoto, Baba. Ka ɗauki 'ya'yan gari duka. Sai nawa ne ya fito baƙi?"

Ta ce, "Na gode. Ai ka ba ni amsa."

A waje uwarta ta kama rigata. Ba ta yi faɗa ba, ita da ke faɗa a kan murfin tukunya. Ta ce, "Tsoho, yarinyar nan tafiya take yi."

Asabar, da safe

An rufe ɗakin jarirai. Ba mai shiga, ko uwa ko uba. Wata cuta ta kama wasu daga cikinsu. Na tambaya ko da Abokina a ciki, Sista ta ce in je in yi addu'a.

Na nuna mata murfin. Ta ce, "Wallahi na gan shi, Baba. Na zaci haka take, tunda ka ce an cire mata komai."

Lahadi, da rana

A rufe.

Litinin, da rana

A rufe. An sa wa Auta ruwa a hannu. Kofin yana kan durowa, uwarta tana wanke shi kullum ko da ba a taɓa shi ba.

Talata, da yamma

Ban san me ya kai ni shago ba. Sun zo, suka zauna, aka rasa abin cewa, sai suka koma kan kyamara. Mai Fasfo ya ce duk wanda ya ƙera kyamarar da ba ta gaya maka tana rufe, a ɗaure shi. Gayu ya ce ai ta gaya min, jan hasken nan ke nan. Ɗan Jarida ya ce laifin masu sikirin ne, sun lalata mutane, da can mutum yakan duba kayansa kafin ya ɗaga. Sai ya tuna wa yake nufi, ya yi tari.

Na ce Gayu ya ɗauki kyamararsa. Ya ce, "Ba ta gama aikin da ta zo yi ba." Ya ga wani ɗan goge a gefenta inda maɓallin rigata ya ci fentin, tagulla ta fito. Na ga ya haɗiye yawu. Mai Fasfo ya ce, "To ai ka ce haka ake so. Maigida ya ƙara mata tsada."

Na yi jika. Ina maimaitawa a hanya kamar karatun yamma. Na yi jika, na yi jika.

Laraba, da safe

A rufe. Na ga an fito da wani bargo, wata mata tana bin sa. Ba namu ba ne. Na ji daɗi, sannan na ji kunyar jin daɗin, na zauna a kan matakala.

Alhamis, da hantsi

Sista ta leƙo ta ce, "Baban murfi, gobe da safe. Ka zo da abin naka."

Ya tsallake. Ya rame, in ji ta, amma ya tsallake.

Alhamis, da la'asar

Na cire murfin na ajiye a kan durowar Auta, kusa da kofin. Na ce, "Ga shi nan, ki tsare min. Ba zai sake bi na ba." Ba ta juyo ba. Wuyanta ya zama kamar na yarinya.

A hanya na yi tunani. Ko hoton ya fito, me zai hana ta ce ɗan wasu ne? Duk jariran ɗakin kama ɗaya suke, bututu da hula. Sai na kalli hannuna. Farcen manunina na hagu baƙi ne tun zamanin da muke wanke fim da hannu, maganin ya ci shi bai sake fari ba. Tana ƙarama takan ce na tsoma shi a shayi.

Juma'a, da rana

Sista ta sa na wanke hannu har gwiwa, na sake wankewa. Ta buɗe 'yar ƙofar gefen kwalbar. Na zura hannun hagu.

Ban san fata tana yin laushi haka ba. Na ɗora yatsana a tafinsa, sai ya rufe hannu a kai. Yatsunsa duka ba su zagaye farcen ba.

Matsala: hannun da ke juya zobe yana cikin kwalba. Kuma kyamarar nan ba ta ganin abin da ya fi tsawon hannu kusa, Gayu ya gargaɗe ni. Sai na sa Sista ta juya zoben har ƙarshe, na miƙe hannuna iyaka, na riƙa ja da kaina baya a hankali har farce biyu suka zama ɗaya. Farcen na kalla, ban kalli wani wuri ba. Na riƙe numfashi. Na ce, "Abokina, kada ka motsa."

Bai ji ba. Duk dannawar da na yi sai ya harba ƙafa.

Sista ta leƙa gaban kyamarar da kanta ta ce, "A buɗe take." Ta faɗa har sau biyu.

Juma'a, da yamma

Ya fito.

Hannunsa da yatsana sun fito tas, har layukan fatar. Fuska rabi, bututu ya tare. Amma ƙasan hoton ya lalace. Ɗakin ba haske, dole kyamarar ta daɗe a buɗe, ga shi yana harbi. Ƙafar dama ba ƙafa ba ce, wani farin hayaƙi ne kawai. Duka haka suke.

Mai Fasfo ya ce, "Da fasfo ne, an dawo da shi." Ya ce kuma baƙi da fari sai ka ce hoton mutanen da suka shuɗe, sannan ya kama bakinsa. Gayu ya ce zai iya zana masa ƙafa a kwamfuta, na ce an yi wa yarinyar nan ƙarya ta isa. Ɗan Jarida ya ce a yanke ƙasan, haka suke yi a jarida. Muka yanke. Ya yi kyau, ya yi tsaf. Na buga shi babba. Na buga mai hayaƙin ƙarami don kaina, na jefa su ambulan ɗaya.

Asabar, da la'asar

Murfin yana hannunta lokacin da na shiga. Uwarta ta ce tun jiya take juya shi.

Na ba ta babban. Uwarta ta tallafe ta ta zauna. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan farcen.

"Hannunka ne."

Na ce nawa ne.

"Nawa ne shi ma. Ga kunnen babansa." Muryarta ba ta canja ba. "Ya yi shiru da yawa, Baba. Ana iya ɗora yatsa a hannun da ba ya riƙo. Ka ɗauki hoton ne kafin ku kai shi makwancinsa?"

Na yi duk abin da na iya. Na zauna a bakin gadon, ambulan ɗin ya zame, ƙaramin ya faɗo a kan bargo. Na kai hannu, ta riga ni.

Na ce, "Bar wannan, ya lalace."

"Me ya lalata shi?"

"Ƙafar ce. Na ce kada ya motsa, ya ƙi ji, sai harbi yake..."

Na tsaya.

Ta kawo hoton dab da fuskarta. Yarinyar da ta girma a shagona, wadda na yi wa tsawa sau ba adadi a gaban labule, tsaya cak, kada ki motsa, za ki ɓata min fim. Ta shafa farin hayaƙin nan da babban yatsa.

Ta ce, "Abin da ya motsa ne kaɗai ke yin haka."

Na ce shi kaɗai.

"Kai ka faɗa min."

Na ce ni na faɗa.

Sai kukan ya zo, wanda ba ta yi ba tun ranar wayar. Na ɗayan ne da na wannan a haɗe. Har nas ta leƙo, uwarta ta yi mata hannu ta koma. Da ya lafa ta share fuska da bargo ta ce, "Shi ne kuka yanke? Ku huɗu, manyan masu hoto?"

Uwarta ta ce, "Ai angona ya fi su hankali."

Auta ta ce, "Mama, akwai abinci? Ki miƙo min kofin nan kuma. Baba, fita."

Lahadi, da safe

Ina cikin mota. Nonon da ta samu kaɗan ne, bai rufe gindin 'yar kwalbar da aka zuba shi ba, Sista ta ce a kawo ko ɗigo ne. Na naɗe shi da ƙanƙara a tawul, yana kan cinyata, hannu biyu na riƙe in ban da yanzu da nake rubutu.

Gayu ya karɓi kyamararsa jiya. Ya tambayi murfin, na ce yana wurin Auta, ta sa a ƙarƙashin matashi, in yana da ƙarfin hali ya je ya karɓa. Ya ce mai lamba ne, ba a sayar da irinsa. Mai Fasfo ya ce ya gode wa Allah, an cire wa kyamarar abu na ƙarshe da ya rage.

Zazzaɓin bai gama sauka ba. Bututun yana hancinsa. Ban san gobe ba.

Na yi jika. Abokina, ga saƙon uwarka nan tafe. Ka sha, ka yi ta harbi, ka ci gaba da ɓata min hoto.